Ƙwaƙwalwar iGEM ta famfunan Wayne: inda take da ƙarfi da inda take ba mai gidan mai wahala

Duk wanda ya buɗe saman famfon mai na Wayne, ko Global Star ne, ko Global Century, ko Helix, zai tarar da fanel ɗin kwamfutar da kamfanin ya raɗa wa suna iGEM, ko ƙanwarta iGEM 2 a sababbin samfura. Ita ce ke karɓar ƙidaya daga mita, ta lissafa kuɗi, ta rubuta a allo, ta buɗe bawul ta rufe, ta tayar da motar lantarki mai jawo man, sannan ta yi magana da kwamfutar ofis idan gidan man yana da ita. Wayne tsohon kamfani ne, an kafa shi a garin Fort Wayne na jihar Indiyana a Amurka a 1891, kuma tun 2016 yana hannun kamfanin Dover, wanda a shekarar ya sayi ɓangaren famfunan Tokheim ma. Tare da na kamfanonin Gilbarco da Tokheim, famfunansa na cikin waɗanda aka fi gani a manyan gidajen mai na Najeriya, wasu sababbi fil, da yawa kuma 'yan kwatano.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne iGEM ta ƙware wajen awo da riƙe lissafi, kuma ba ta cika lalacewa da kanta ba. Abin da ke kashe ta a wajenmu wuta ce marar kyau da rashin wayar ƙasa (wayar kariya da ke zubar da ɓatacciyar wuta cikin ƙasa), abin da ke ɓata mata suna kuma shi ne barin rimot da lambar sirri a hannun kowa.

A fara da awo, tunda a nan kuɗin yake. A ƙasan famfon akwai mitar da ake kira iMeter, wadda mita biyu ce a gida ɗaya, kowace na kula da gefe guda. Mai na shiga yana tura fistin, fistin na juya sanda, a kan sandar kuma akwai faifai mai maganaɗisu. A saman mitar aka ɗora falsa, wato na'urar da ke jin juyawar maganaɗisun ta mayar da ita bugun lantarki, sunanta a takardun kamfani WIP. Bambancinta da falsa ta tsofaffin famfuna shi ne tana da 'yar ƙwaƙwalwarta. Ba bugu zalla take aikawa ba. Tana riƙe da adadin gyaran awo na mitar da take kai, tana gane ko mai gaba yake tafiya ko baya, kuma tana amsa wa iGEM duk lokacin da aka tambaye ta. Da zarar ta yi shiru, kwamfutar na tsayar da sayarwa. Wannan tsari ya yi, domin a famfunan da falsarsu waya ce kawai mai kai bugu, duk wanda ya iya saƙala wata 'yar na'ura a tsakani zai iya ƙara bugun ƙarya, allo ya nuna lita goma alhali tara da rabi suka shiga tanki. Ba mu ce ba a iya yi wa iGEM maguɗi ba, amma aikin ya fi ƙarfin ɗan koyo.

Gyaran awonta ma ba ya buƙatar juya wata dabaran ƙarfe. A jikin falsar akwai ƙananan ƙofofi biyu, ɗaya ga kowace mita, an ɗaure su da waya da hatimi. Ana fara jiƙa gwangwanin awo na lita 20 da mai a juye, a bar shi ya tsane na daƙiƙa 30, saboda busasshen gwangwani na shan wani abu a jikinsa. Sai a gwada mitar yadda take, sau ɗaya da cikakken gudu, sau ɗaya a hankali. Idan ta kauce, a yanke hatimi a buɗe ƙofar gefen da ake so, a zuba mai har ya tsaya daidai kan layin sifili na gwangwanin, a mayar da nozul, wato kan tiyon da ake zuba mai da shi, a rufe ƙofa. Falsar za ta ɗauki bugun da ta ƙirga a matsayin lita 20 cif. Daga nan a sake gwadawa, a sa sabon hatimi. Aikin minti kaɗan ne, kuma sauƙin nasa shi ne haɗarinsa: abin da aka zuba shi falsar za ta yarda da shi, ba ta da ido. Gwangwani mai lotsawa, ko wanda aka ajiye a kan ƙasa marar daidaito, ko kumfar dizal da ba a jira ta kwanta ba, duk za su shige cikin awo su zauna. A kuma duba girman gwangwanin da aka faɗa wa kwamfutar, domin famfon da ya fito daga Amurka galan 5 ya sani, wato lita 18.9 da ɗoriya. Hatimin nan ba na makaniki ba ne. A Najeriya sashen awo da ma'auni na ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya ke da alhakin tantance ma'auni, hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA da ta gaji DPR a 2021 kuma tana rufe gidan man da ta kama yana tauye lita, don haka kada a yanke shi ba tare da saninsu ba.

Ƙa'idar duniya ta OIML R117 ta yarda famfon mai ya kauce da kashi 0.5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato mililita 100 a lita 20. Mutane sun fi tunanin cutar mai saye, amma mitar fistin idan ta tsufa yawanci mai gidan take cuta, saboda mai na sulalewa ta gefen fistin ba a ƙirga shi ba. Gidan da ke sayar da lita 10,000 a rana, mitarsa na ba da rarar kashi 0.3 cikin ɗari, yana kyautar da lita 30 kullum, lita 900 a wata, kuma har yanzu yana cikin ƙa'ida. Wayne na da wata mita mai suna Xflo wadda ke amfani da sanduna masu murɗi a maimakon fistin, an yi ta ne don rage wannan zamewa. Ta fi tsada, kuma ba ta son datti, don haka gidan da ba ya canza filta a kan kari gara ya tsaya a kan iMeter.

Wani abin da ake ɗora wa kwamfutar laifinsa ba nata ba ne. Fetur na kumbura da kusan kashi 0.12 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na zafi. Tankar lita 33,000 da aka sauke da tsakar ranar watan Afrilu a Sakkwato, idan man ya huce da digiri 5 a tankin ƙasa, kusan lita 200 sun ɓace a lissafi ba tare da digo ya zube ba. Manaja ya auna da sanda da safe ya ga gibi, sai a kira mai gyara a ce famfo na sata. Kafin a taɓa ƙofar falsa, a gwada da gwangwani tukuna.

Saita iGEM da rimot ake yi, ƙarami mai aiki da hasken infrared kamar na talabijin, ana nuna shi ga allon famfon. Akwai matakan shiga daban-daban, na injiniya, na manaja, na ma'aikaci, da na jami'in awo, kuma abin da kowa zai iya taɓawa ya bambanta. Saituna na ƙarƙashin harafin F, rahotanni na ƙarƙashin S. F01 ne ke faɗin ko famfon zai yi aiki shi kaɗai ko sai ofis ya ba shi izini. F02 agogo ne. F03 da F04 farashin gefen farko da na biyu, F05 da F06 adireshin kowane gefe a kan layin sadarwa, F14 kuma tsarin allo. Idan an gama, sai an koma F00 an zaɓi 3 kafin canjin ya zauna. Wannan ƙaramin mataki ne ya fi kowanne jawo kiran waya: an canza farashi da daddare, an fita ba a adana ba, da asuba layi ya taru ana sayarwa a tsohon farashi. Tsarin lambobin nan ba ya da daɗin koyo. Babu rubutun da ke faɗa maka inda kake, lamba ce a kan lamba a allon farashi da na lita, kuma wanda ba shi da littafin da ya dace da sigar manhajar da ke cikin famfonsa yana iya canza abin da bai nufa ba. A nan iGEM ta nuna shekarunta.

Agogon F02 da ake rainawa yana da amfani. Rahoton kurakurai da ke S21 da S22 yana ajiye lambar kowane kuskure da rana da lokacin da ya faru. Idan agogo daidai yake, mai gyara zai ga cewa falsa na yin shiru ne kullum da ƙarfe bakwai na yamma, daidai lokacin da ake juyawa daga wutar NEPA zuwa janareta, ya san ba falsar ce ke da ciwo ba. Idan agogon bai taɓa saituwa ba, rahoton ya zama jerin lambobi marasa kai. Jimillar litar da ba ta gogewa tana S11 da S12, kuma da ita ya kamata a riƙa karɓar aiki a miƙa aiki, ba da jimillar da ake iya mayarwa sifili ba. Inda famfon ke da ƙaramar mitar jimilla mai lambobi masu juyawa a gefe, a riƙa rubuta duka biyun. Ranar da suka saɓa, akwai magana.

Batun lambar sirri gajere ne. Famfunan na zuwa da lambar da kamfani ya sa, kowane mai gyara ya san ta, rimot ɗin kuma ana samunsa a kasuwa. A canza ta ranar da aka kafa famfo, a sake canzawa duk lokacin da manaja ko makaniki ya bar aiki.

Tashin farashin mai ya fito da wata matsala da ba a damu da ita a da ba. Kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Yawancin tsofaffin alluna gurbi huɗu ke gare su na farashi, shida na kuɗi. Idan an bar ɗigo ɗaya a farashi, iyakarsa 999.9, idan kuma an bar gurbin kwabo biyu a kuɗi, allo ya cika a 9,999.99, abin da bai kai lita goma ba a farashin da ya haura dubu. iGEM na warware wannan a F14 ta hanyar matsar da ɗigon, ba sai an sayi sabon allo ba, kuma wannan babban maki ne gare ta. Tarkon yana wajen gidajen da ke da kwamfutar ofis. A yaren DART da Wayne ke amfani da shi, lambobi na tafiya a waya ne ba tare da ɗigo a jikinsu ba, kowane ɓangare shi ke sa ɗigon inda aka faɗa masa. Aka gyara famfo ba a gyara na'urar ofis ba, sai cinikin naira 25,000 ya fito 2,500 ko 250,000 a rahoto. Famfunan kwatano daga Turai sun fi shiga wannan rikici, domin an saita su ne a kan yuro mai gurbi uku bayan ɗigo.

Sadarwar kanta, idan an ja wayar yadda ya kamata, ba ta da matsala. DART na tafiya ne a kan layin RS-485, waya biyu murɗaɗɗu masu rigar kariya, ana bi famfo bayan famfo a jere, ba a rarraba reshe daga ofis zuwa kowanne ba. Layin na iya kai mita 1,200, don haka nisa ba ya hana komai a filin gidan mai. Abin da ke hanawa shi ne a tura wayar bayanai cikin bututu ɗaya da wayar mota, ko a haɗa rigar kariyar da ƙasa ta kai biyu maimakon ɗaya, ko a ba gefe biyu adireshi ɗaya, ko a juya wayoyin biyu. Alamar duk ɗaya ce: a ɗaga nozul, allo ya tsaya yana jiran izinin da ba zai zo ba, rahoto kuma ya nuna kuskure na 30, wato sadarwa da ofis ta yanke. Mafita ta gaggawa ita ce a mayar da F01 kan aiki shi kaɗai don kada layi ya watse, amma a sani duk abin da aka sayar a wannan hali ofis bai gani ba. Na'urorin sarrafa fili irin su Fusion ta Wayne da PSS 5000 ta DOMS duk suna jin DART. Wasu famfunan Turai kuwa da katin sadarwa na tsarin IFSF suke zuwa, wanda layinsa da yarensa daban ne, kuma sai an canza kati da saiti kafin su shiga layi ɗaya da sauran.

Wajen sayar da man adadin kuɗi, wato mai babur ya ce a zuba na dubu biyu, kwamfutar na rage gudun mai kafin a kai adadin, sannan ta rufe bawul gaba ɗaya. Famfo na gudun kusan lita 40 a minti, kusan kashi biyu cikin uku na lita kenan a daƙiƙa, ba zai tsaya cak ba sai an sassauta masa. Idan yana zarce adadin da 'yan nairori, kusan kullum datti ne ya maƙale a bawul ko robar cikinsa ta gaji, ba fanel ba. Idan kuma yana jan jiki tun da nisa har mai saye ya ƙosa, tazarar sassautawar ce aka saita da yawa. Haka nan allo ya fara ƙirga 'yan kuɗi kafin a matsa nozul: tiyo ne ke cika bayan matsin cikinsa ya sauka, saboda bawul ɗin hana komawa na yoyo ko iska na shiga layin tsotso. Kwamfutar na ɓoye wannan 'yar ƙidayar farko har wani ƙaramin adadi, amma ɗaga adadin don rufe matsalar ba gyara ba ne.

Sai wuta, inda mafi yawan fanel ke mutuwa. iGEM na aiki ne da bolt 24 da wani akwatin wuta ke sauko mata da shi daga 230, kuma shi ne ke fara shan duka. Juyawa daga NEPA zuwa janareta da hannu, famfo na tsakiyar sayarwa, yana aiko da tsallen wuta, wato ƙarfinta ya haura kwatsam. Wayar nutural da ta saki a layi mai fes uku na iya kai kusan bolt 400 inda ake jiran 230. Tsawar damina kuma ta wayar bayanai take shigowa, ta ƙone ɓangaren sadarwa a famfuna da yawa lokaci guda. Maganin sananne ne, ana dai ƙyashin kuɗinsa: a raba layin ƙwaƙwalwa da layin mota tun daga allon rarraba wuta, a sa wa layin ƙwaƙwalwa sitabilaiza da UPS, a sa abin kare tsalle a layin wuta da na bayanai, a kafa sandar ƙasa ta gaske. A auna wayar ƙasan nan da rani, ba da damina kaɗai ba, domin ƙasar Arewa idan ta bushe a watan Maris sandar da ta yi kyau a Agusta takan zama ado. Kwamfutar na adana cinikin da ake ciki idan wuta ta ɗauke, kuma tana binciken ma'ajiyarta duk lokacin da ta tashi. Idan ta fara kawo kurakuran ma'ajiya a kai a kai, ko farashi ya riƙa komawa sifili ta ƙi sayarwa, a duba wutar kafin a sayi sabon fanel, in ba haka ba sabon ma hanyar zai bi.

Zafi da ƙura ba su cika damun fanel ɗin ba muddin robar ƙofa na nan. Allon ne ke wahala: wanda rana ke duka kai tsaye yakan yi baƙi da azahar, ya dawo da yamma, bayan 'yan shekaru kuma wasu sassan lambobi su mutu. Shi ya sa ake son ma'aikaci ya riƙa kallon takwas-takwas ɗin da allo ke nunawa kafin ya koma sifili, domin 8 da ta rasa ƙafa ɗaya 9 ce ko 6. Kada a huda akwatin sama don iska, kada kuma a bar ramin waya a buɗe tsakaninsa da ɓangaren mita. Shingen da ke tsakanin su biyun shi ke hana tururin fetur isa inda tartsatsi yake, kuma kowace waya da ta ratsa shi sai ta bi ta maƙogwaron da aka yi mata, a ɗaure tam. Wayar falsa ma ba a yanke ta a ɗaure da salatif.

Idan aka kwatanta da famfunan Sin irin su Censtar da Lanfeng, waɗannan sun fi araha nesa ba kusa ba, kayan gyaransu sun fi sauƙin samu, kuma saitinsu da madannin jikin famfo ya fi sauƙin koyo. Ga ƙaramin gidan mai na ƙauye mai nozul biyu, wanda mai shi ke zaune a wurin, hujjar sayen Wayne ba ta da ƙarfi. Gidan da ke kan babbar hanya, mai nozul takwas ko fiye, mai shi kuma yana wani gari yana jiran rahoto, shi ne zai ci moriyar falsa mai hatimi da jimillar da ba ta gogewa da rahoton kurakurai.

Mai sayen na kwatano ya tabbatar da abubuwa kafin ya biya. Famfon Amurka bolt 120 da galan ya sani, sai an yi masa aiki kafin ya zauna a nan. Fanel biyu na iGEM na iya kama da juna a ido amma manhajar ciki da tsarin samfurin da aka loda musu sun bambanta, sai ka ɗora fanel ɗin famfo mai mai iri ɗaya a kan mai iri uku, nozul na biyu ya tayar da motar na uku. Loda manhaja na buƙatar laftof da shirin kamfanin, wanda ba kowane mai gyara ke da shi ba, don haka a tambayi mai sayarwa wa zai yi wannan aikin kuma a wane gari yake. A sa ya kunna famfon a gabanka, a karanta S11 da S12 a ga litar da mitocin suka riga suka sha, a buɗe S21 a ga abin da ya dame shi a gidansa na baya. Bayan an kafa shi an gama saiti, a kwafe dukkan lambobin F a takarda a ajiye a ofis, a kuma ajiye akwatin wuta ɗaya da falsa ɗaya a sito.